Yadda ake fiƙe ginshiƙai da sandunan ƙaramin jirgin ruwa na katako

Wanda ya tashi a bakin gulbin Rima ya san kwale-kwale, ya san gorar tuƙi da filafili, amma jirgin da iska ke turawa da ƙyalle sai dai a hoto. Duk da haka, idan mai aikin hannu a Sakkwato ya zauna zai haɗa ƙaramin irinsa na ado, gangar jikin ba ta cika ba shi wahala ba, don sassaƙa ce kuma ido ya saba da siffar jirgi. A sama ake tuntuɓe. Sai ka ga jiki ya yi sumul, amma an kakkafa masa sanduna masu kauri ɗaya daga gindi har kai kamar an soke tsire. Ko mai kallo bai san dalili ba, idonsa zai ƙi abin. A jirgin gaske babu sandar da kaurinta bai sauya ba daga wannan kai zuwa wancan, kuma kowace sauyawa da lissafinta.

Bari mu daidaita sunaye tukuna. Itacen da ke tsaye a kan jirgi shi ne ginshiƙi. Babban jirgi yana da uku: na gaba, na tsakiya wanda ya fi su girma, da na baya. Kowanensu hawa uku ne da aka ɗora wani bisa wani, wato na ƙasa, na tsakiya da na ƙoli. Sandar da ke gilma ginshiƙi, wadda ake rataya ƙyallen iska a jikinta, ita ce sandar gicciye. Wadda ta miƙe daga goshin jirgi zuwa gaba mu kira ta ƙaho. A mahaɗar hawa na ƙasa da na tsakiya akwai dandamali inda ma'aikatan jirgi ke tsayawa, sama da shi kuma akwai ɗan katako mai huji biyu da ke riƙe hawa biyun tare, shi ne hula.

Lissafi kafin wuƙa

Zaɓi ma'aunin ragi ka tsaya a kansa. Zanen jiragen da ke zuwa daga waje yawanci kashi 1 cikin 48 ne, ko cikin 64, ko cikin 96, saboda da inci aka yi su. Ga mai rular santimita, kashi 1 cikin 100 ya fi sauƙi: kowace mita ɗaya ta jirgin gaske ta zama santimita ɗaya a teburinka.

Idan kana da zanen jirgin da kake kwaikwayo, shi za ka bi. Idan babu, akwai ƙa'idar da maƙeran jiragen yaƙin Ingila suka yi aiki da ita a ƙarshen ƙarni na 18, kuma tana fitar da jirgi mai kyan tsari. Ka haɗa tsawon daɓen jirgi na ƙasa da iyakar faɗin jirgin, ka raba biyu, ka sami tsawon hawa na ƙasa na babban ginshiƙi. Gwada ta a kan Victory, jirgin yaƙin Ingila da aka saka a ruwa a 1765, ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, yana kuma nan a birnin Portsmouth na Ingila har yau. Tsawon daɓensa mita 56.7, faɗinsa mita 15.8. An haɗa an raba, mita 36 da ɗoriya, wato santimita 36 a ma'auninmu. Kaurinsa kashi 1 cikin 36 na tsawonsa, milimita 10 ke nan cif. Ba ana cewa ka fara da Victory ba ne, wanda bai taɓa yi ba ya nemi jirgi mai ginshiƙi ɗaya ko biyu. An ɗauko shi ne don alƙalumansa suna faɗawa daidai.

Daga wannan santimita 36 sauran ke fita. Ginshiƙin gaba kashi 8 cikin 9 nata ne, santimita 32. Na baya kashi 6 cikin 7, wajen santimita 31, sai dai siriri ne, milimita 6 kawai. Hawa na tsakiya na babban ginshiƙi kashi 3 cikin 5 ne, santimita 21 da rabi, kauri milimita 5.4. Na ƙoli rabin wannan tsawon, kauri milimita 3. Babbar sandar gicciye ta Victory ƙafa 102 ce, santimita 31 a wajenka, kaurinta a tsakiya kusan kashi 1 cikin 50 na tsawonta, milimita 6. Wadda ke samanta kashi 5 cikin 7 nata ce, santimita 22, kauri ɗan ƙasa da milimita 4.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Wannan santimita 36 ta haɗa da ɓangaren da ya nutse cikin jirgi har ƙashin bayansa, wato dogon katakon da ke can ƙasan jirgi daga gaba zuwa baya. Idan gangar jikinka dunƙulen katako ce ka huda mata rami mai zurfin santimita 2 kawai, to dole ka cire sauran abin da ya kamata ya nutse, in ba haka ba ginshiƙin zai yi zaƙwai a sama, jirgin ya zama kamar zalɓe. Auna daga daɓen sama zuwa ƙashin baya, ka cire zurfin raminka, abin da ya rage shi za ka yanke daga gindin.

Rubuta duk wannan a takarda ɗaya, kowace sanda da tsawonta da kaurinta, ka manna a bango.

Itacen da ya dace, da abin da iskar Sakkwato ke yi masa

Abu uku ake nema: jijiyar itacen ta miƙe sak, ta kasance mai laushin ƙira ba mai manyan ƙofofi ba, kuma ya bushe ƙarau. Farin katakon da ya cika wajen 'yan katako yana da daɗin yanka amma ya yi taushi, idan ya sirance ƙasa da milimita 4 zare kaɗai yana lanƙwasa shi, kuma gashi yake tayarwa in an goge. Ajiye shi don gangar jiki. Jan katako da maɗaci suna da ƙarfi, sai dai jijiyarsu tana yawan sarƙewa, wuƙa ta bi nan lafiya ta ɓantare can, ga kuma ƙofofin jikinsu da ke fitowa ɓaro-ɓaro a ƙaramin abu. Dogon yaro ma haka. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, ta fi su dacewa in ka sami guntu marar gaɓa: tana da tauri, tana gogewa sumul, launinta kuma ya yi kama da na ginshiƙin gaske. Ɓarin tsohon allo da ya shekara goma a ɗaki ya fi sabon katako sau nawa. Tsohuwar rular katako ta makaranta da ƙafar tsohuwar kujera su ma taska ce, don sun gama duk motsin da za su yi.

Don sirara, na milimita 3 zuwa ƙasa, babu kamar gora. Tsinken tsire na gora da ake sayarwa a ƙunshi yana lanƙwasa ya dawo bai karye ba. Aibinsa jijiyar tana bayyana in an shafa mai, amma tunda yawancin waɗannan sandunan baƙi ake musu, ba a gani.

Kada ka yarda da mulmulallen sanda da aka riga aka zagaye a inji don kawai ya zo a shirye. Inji bai damu da inda jijiya ta nufa ba, yankewa yake ta ko'ina, sai sandan ya yi kyau yau, bayan wata biyu ya karkace. Faskara ya fi zarto a nan. Ɗora wuƙa a kan guntun itacen ka buga, zai tsage ya bi jijiyarsa da kansa, daga wannan fuskar da ta tsage sai ka daidaita sauran ukun.

Katakon da ake kawowa daga kudu da danshinsa yake isowa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a nan shi ke tanƙwara kansa ba da izininka ba. Tsaga shi gida-gida, kowane ya fi abin da kake so da milimita 2 a kauri da santimita 4 a tsawo, ka jera su kwance a inuwa cikin ɗakin da jirgin zai zauna, mako biyu ko uku. Kada ka shanya a rana don sauri, zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana busar da bayan itace ya bar cikin, sai ya tsattsage. Tsaga ninki biyu na abin da kake bukata. Bayan sun huta, mirgina kowane a kan gilashi ko tayil. Wanda ya yi rawa ka jefar, ko ka yanka shi gajeru. Gasa shi a wuta ko jiƙa shi a danne yana miƙar da shi na ɗan lokaci ne, damina na zuwa zai koma gidan jiya.

Ka riƙe wannan kuma: itace a faɗi yake ƙanƙancewa, ba a tsawo ba. Ginshiƙin da ka fiƙe a watan Agusta ya shiga hularsa dam, in hunturu ya kankama a Janairu za ka tarar yana girgiɗi. Wanda aka yi a hunturu ya matse sosai kuma, damina na iya kumbura shi ya fasa hular. Saboda haka a rani ka bar mahaɗa ta shiga da ɗan sauƙi, a damina ka bar ta da ɗan matsi.

Daga gefe huɗu zuwa zagaye

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin abin ferar katako na kafinta, wuƙa mai kaifi, reza, lallausan magagari, samfefa lamba 120 da 240 da 400, rular ƙarfe, fensir mai tsini. Ɓallin fasasshiyar kwalba, irin wanda masassaƙa ke kankare ƙotar fartanya da shi, yana cire itace siriri kamar gashi, kuma a aikin ƙarshe ya fi samfefa tsabta. Idan ba ka da ma'aunin kauri irin na masu injin juya ƙarfe, ɗauki tsohon katin ATM ka yayyanka masa baki a gefe, na milimita 3, na 4, na 5, har 10, ka rubuta lambar kowane.

Sai allon riƙo. Ɗauki sirara biyu na katako, ka fere kusurwa ɗaya ta kowane, ka manne su gefe da gefe a kan allo yadda za su bar kwari a tsakani, ka toshe ƙarshen kwarin da ɗan guntu. A cikin wannan kwarin sanda ke kwanciya bisa kusurwarta ba ta mirgina ba. Minti ashirin ake haɗa shi, kuma in babu shi aikin gefe takwas wahala ce kawai.

Ɗauki babbar sandar gicciye ta zama misali. Daidaita itacen ya zama mai gefe huɗu, milimita 6 kowane gefe. Sa alama a tsakiya, ka raba kowane rabi gida huɗu, kusan santimita 3.9 kowane gida. A tsakiya kauri 6. A alama ta farko kashi 30 cikin 31, wato 5.8. A ta biyu kashi 7 cikin 8, wato 5.3. A ta uku kashi 7 cikin 10, wato 4.2. A bakin sanda kashi 3 cikin 7, wato 2.6. Dubi yadda alƙaluman ke tafiya: kusa da tsakiya kusan ba a rage komai ba, ragin yana ƙaruwa ne yayin da ake nufar baki. Siffar ba ta tsinin fensir ba ce, ta fi kama da taɓarya da aka juya, ciki a tsakiya yana zubewa a hankali. Wanda ya ja layi miƙaƙƙe daga tsakiya zuwa baki zai sami sanda mai kama da mashi biyu da aka haɗa gindi da gindi.

Sirancewar tun itacen yana gefe huɗu ake yin ta. Ja layin tsakiya a fuska ɗaya, ka auna rabin kaurin hagu da dama a kowace alama, ka haɗa ɗigon, ka fere gefe biyu har layi. Juya, ka sake zanawa a fuskar da ka fere, ka fere sauran biyun. Kullum daga mai kauri zuwa siriri wuƙa ke tafiya. In ka juya ta, sai ta shiga ƙarƙashin jijiya ta ɗaga ɓawon da ya fi abin da ka nufa.

Yanzu gefe takwas. Raba faɗin kowace fuska gida 24: bakwai, goma, bakwai. A fuska mai milimita 6, layi ɗaya yana milimita 1.75 daga wannan gefe, ɗayan haka daga wancan. A ginshiƙi mai milimita 10 kuwa 2.9 ne. Yi wannan a kowace alama, don faɗin yana raguwa, layukan ma tsukewa suke. Kwantar da sandar cikin kwari ka fere kusurwa huɗun har layi. Idan ka yi daidai, fuskoki takwas ɗin faɗinsu ɗaya. Daga nan a goge kusurwa takwas ɗin kaɗan da magagari su zama sha shida, wannan da ido ake yi. Sannan samfefa, ka naɗe ta a sandar kana juyawa da yatsu kana ja gaba da baya, 120 kaɗan, 240, a ƙare da 400 ana bin tsawo.

Tsakiyar manyan sandunan gicciye ba a zagaye ta. Daga alamar farko ta hagu zuwa ta dama a bar ta gefe takwas, haka take a jirgin gaske. Naɗa salatif a wurin kafin ka ɗauki samfefa.

Akwai masu sa sandar a bakin injin huda su kunna, su riƙe samfefa a jiki. Yana sauri, in akwai wuta. Amma samfefa ta fi cin ɓangaren itace mai taushi, sai sandar ta fito kamar ƙwai maimakon zagaye, kuma siririya tana iya yin bulala ta karye a hannunka. In za ka yi, sai bayan ka kai gefe takwas da hannu, a bar wutsiya ta santimita 3 da injin zai kama, a juya a hankali, yatsu biyu na tallafe da ɗaya bakin. Abin da bai kai milimita 3 ba kada ya shiga inji.

Kan ginshiƙi, inda aikin ya taru

Hawa na ƙasa ya fi kauri a inda ya ratsa daɓe. Daga nan zuwa wuyansa raba gida huɗu: 10 a daɓe, sai 9.8, sai 9.3, sai 8.6, a wuya wajen 7.5. Kan da ke sama da wuya kashi 5 cikin 36 ne na tsawon, santimita 5 a namu, kuma gefe huɗu ake barinsa, ba a zagaye shi. Shi ya sa farawa da itace mai gefe huɗu ya fi: kan yana nan a shirye, ba sai ka ƙirƙiro kusurwa daga mulmulallen abu ba. A can ƙoli a fitar da ɗan haƙori mai gefe huɗu da zai shiga hula.

Ƙasa da wuya, hagu da dama, baje jikin ginshiƙin da magagari ka manna masa kumatu biyu na katako mai kaurin milimita 1.5, dogaye masu sirancewa ƙasa. Samansu shi ne kafaɗar da komai zai zauna a kai. Bisa kafaɗun sai sanduna biyu masu bin tsawon jirgi, ɗaya a kowane gefen kan, a gilma musu wasu biyu, a yi wa kowace gurbi rabi da rabi su shige juna. A kan wannan gadon dandamali ke zama. Faɗinsa kashi 1 cikin 3 na tsawon hawa na tsakiya, santimita 7.2, daga gaba zuwa baya kuma kashi 3 cikin 4 na faɗin, 5.4. Bayansa miƙaƙƙe, gabansa zagaye, da rami mai gefe huɗu a tsakiya wanda ya fi kan ginshiƙin faɗi, don igiyoyi ta nan za su bi. Kada ka yi shi da falle ɗaya na siririn katako, hunturu zai naɗe shi kamar ganye. Manna falle biyu jijiyarsu na gilma juna, ka danne da littafi mai nauyi ya kwana.

Ga wani abu da ake yawan mantawa. Ginshiƙi yana ɗan jingina baya, amma dandamali a kwance yake daidai da fuskar ruwa, mutane ke tsayawa a kai. Don haka saman kumatun ba a yanka shi daidai da ginshiƙi ba, sai an ɗan karkata yankan gwargwadon jinginar. In ka manta, dandamalin baya zai zube kamar rumfar da iska ta taɓa.

Hula tsawonta kusan ninki huɗu na kaurin hawa na tsakiya, faɗinta ninki biyu, a namu wajen milimita 22 da 11. Hujin baya mai gefe huɗu ne na haƙorin ginshiƙi, na gaba zagaye, ta nan hawa na tsakiya zai wuce. Huda tukuna tun tana jikin dogon katako, sannan ka yanke ta. In ka yanke kafin ka huda, tsagewa za ta yi a hannunka, sau goma in ka gwada goma.

Hawa na tsakiya a gaban kan na ƙasa yake tsayawa, ba a bayansa ba. Gindinsa gefe huɗu ne, da huji a gicciye inda ake zura 'yar sakata ta kwanta bisa sandunan gadon ta ɗauki nauyinsa. Guntun waya ya isa sakata. Na ƙoli ma haka yake hawa kan na tsakiya, sai dai can babu dandamali, gadon kawai. Haɗa hawa ukun ba gam tukuna, ka kwantar a kan takarda mai layi, ka duba ta gaba: layi ɗaya za su bi. Ka duba ta gefe: kowane hawa ya jera da na ƙasansa, bai buɗe baki ba bai rungume shi ba. In ya karkata, laifin yana tazarar huji biyun hula, sake wata ya fi ƙoƙarin gyara ta.

Ɗaurin jikin ginshiƙi ya danganta da zamanin jirgin. Kafin wajen 1800 igiya ake naɗawa wuri-wuri, baƙin zare zagaye 12 ko 13 ya wadatar a kowane ɗauri. Bayan nan zoben ƙarfe ya maye gurbinta, wanda ake kwaikwaya da baƙar takarda da aka yanka faɗin milimita 1. Mahaɗar takardar ta koma baya inda ba a gani.

Abin da ake ɗaura wa sandar gicciye tun tana tebur

Duk abin da zai rataya a jikinta a gama shi kafin ta hau. A tsakiya ta gaba ƙananan tsakuwoyin katako biyu masu hana igiyar rataya zamewa, kusa da kowane baki ma wasu biyu. Sai igiyar da ma'aikata ke takawa, wadda ke lilo a ƙasan sandar ta baya, ƙafa uku ko ƙasa da haka a jirgin gaske, wato milimita 8 zuwa 9. Zare ba ya yarda ya yi lilo mai kyau a wannan girman. Wayar tagulla siririya ta tsohon koyil, irin wadda masu gyaran fanka ke zubarwa, ta fi: lanƙwasa ta yadda kake so, ka shafa mata baƙi. Ƙananan kura na jan igiya, wato 'yan katako masu huji da igiya ke bi ta ciki, su ma yanzu ake ɗaura su. Hantsakin masu gyaran waya zai cece ka a nan.

Ƙananan huji ba sa bukatar inji. Karya kan allura, ka goga bakin a dutsen wasa ya yi faɗi kamar na kurfi, ka kafa ta a guntun itace, ka murza da yatsu. Basilla mai tsini buɗa jijiya take ba yankawa ba, ita ke tsaga bakin sanda.

A bayan tsakiyar sandar huda rabin kaurinta ka kafa waya mai milimita 0.5, a ginshiƙi ma ka huda inda za ta zauna. Wannan ƙusar da ba a gani ita ke riƙe sandar yayin da kake ɗaurin igiya. Gam kaɗai tsakanin abubuwa biyu masu zagaye ba ya riƙewa, wurin haɗuwarsu bai fi ɗigo ba.

Ƙaho kaurinsa kusan na babban ginshiƙi ne, tsawonsa santimita 22 zuwa 23, ya fi kauri inda ya fito daga goshi. Kafa shi da kyau fiye da kowa, domin igiyoyin da ke riƙe ginshiƙan daga gaba a jikinsa suke ƙarewa. Sanduna biyu na ƙyallen baya kuwa, ta sama da ta ƙasa, ba sa gilmawa, da gwafa suke kama ginshiƙi. Kada ka sassaƙa gwafar daga jikin sandar, za ta ɓalle. Baje gefe biyu na gindin, ka manna mata rassan gwafar biyu da aka yanka dabam, ka naɗe da zare.

Launi, gam da kafawa

Farin gam na kafinta, irin Top Bond, shi ne na katako da katako. A hunturu yana yin fata cikin 'yan mintuna, don haka ɗiga kaɗan a murfin kwalba ka riƙa ɗauka da tsinken sakace. Abin da ya tsatso ka goge nan take da jiƙaƙƙen ƙyalle, in ya bushe fenti ba ya kama wurin. Super Glue a bar shi ga waya da katako. A kan zare yana sa shi ya ƙage ya karye, kuma yana barin farin tabo. Ka gama duk manne-manne kafin shafe, don farin gam ba ya kama wurin da mai ya sha.

A jiragen yaƙin Ingila na wancan zamani sandunan gicciye, dandamali, hula da kan ginshiƙi baƙi ne, jikin hawa na ƙasa kuma ruwan ɗorawa. Kafin Trafalgar, Nelson, kwamandan jiragen Ingila a yaƙin, ya sa an shafe zobban ginshiƙan jiragensa da ruwan ɗorawa, saboda na Faransawa, abokan gabarsu, baƙaƙe ne, don a bambance nasu cikin hayaƙi. Mai yin Victory ta 1805 sai ya kula da wannan. Tsinka fentin sosai ka shafa sau biyu ko uku maimakon sau ɗaya mai kauri, kuma ka guji mai ƙyalli. Shafa da sassafe kafin ƙura ta tashi, ka kife kwali a kai ya bushe.

Wajen kafawa, fara da daidaita gangar jikin a kan tebur har ta zauna ba ta karkata ba. Rataya zare mai noti a ƙasa daga bakin ƙofa, ka tsaya a goshin jirgin ka rufe ido ɗaya: ginshiƙi uku su ɓuya bayan zaren kamar guda. Ta gefe kuma, na gaba kusan a tsaye yake, na tsakiya ya ɗan jingina baya, na baya ya fi su. Yanka kwali mai kusurwar kowane daga zanenka ka jingina a jiki. Ramin ya ɗan fi gindin faɗi, a cusa 'yan tsinke a gefe har ya tsaya daidai. Da yawa ba sa sa gam a gindin ko kaɗan, igiyoyi ke riƙe shi kamar a jirgin gaske, kuma ran da wani abu ya karye ana iya zare shi.

Zaren auduga yana tsukewa in ya sha danshi, ya saki in ya bushe. Wanda ya ɗaure shi tamau a Janairu, zuwa Agusta zai ga hawa na ƙoli ya sunkuya. Zaren roba na teloli bai damu da yanayi sosai ba, in kuma auduga kake so ka ja shi ta cikin kakin zuma sau biyu kafin amfani. Ɗaura daga ƙasa zuwa sama, daga gaba zuwa baya, igiyar hagu sannan takwararta ta dama, kana komawa ga zaren notin bayan kowace biyu. Ja ya tsaya daidai inda zaren ya miƙe, kada ka ƙara. Sandunan gicciye su ne na ƙarshe, ta ƙasa kafin ta sama, kuma kafin ka ƙulle kowace ka auna daga bakinta na hagu zuwa tebur da na dama zuwa tebur, su zo ɗaya.